Noti a Muƙamuƙi, Sadaki a Hannu

Ina rubuta wannan ne alhali ko zaren ɗinkin da aka yi mini a dasashi ba a cire ba, domin na sami labari cewa abin da ya same ni ranar Asabar yana yawo a unguwa cikin riwayoyi mabambanta, wasu da ƙari wasu da ragi, har akwai mai cewa suma na yi a gaban liman aka yayyafa mini ruwa. Saboda haka na ga ya wajaba in fito da ingantacciyar riwaya daga bakin mai ita, ko da yake bakin nan shi ne ummul'aba'isin al'amarin duka.

Asalin abin wata tsakuwa ce a cikin shinkafa da wake, wadda ta tsaga mini turmin ƙasa na hannun dama gida biyu, aka cire shi, aka bar ni da giɓi. Da ta ni ce da na haƙura da giɓin, tun da yana can ƙurya inda ba mai ganinsa sai wanda na yi wa hamma a fuska. Amma likitar haƙori, wata yarinya mai natsuwa wadda a haife na haife ta, ta ɗora hoton muƙamuƙina a allon kwamfuta ta yi mini bayani cewa ƙashi idan ya rasa saiwar da yake riƙe da ita sai ya riƙa zaizayewa a hankali, haƙoran da ke maƙwabtaka da giɓin su karkato cikinsa, na sama kuma, da ya rasa abokin karo, ya riƙa zazzagowa ƙasa. Ta shimfiɗa mini hanyoyi uku: haƙorin roba na cirewa da mayarwa, wanda yake kwana a kofi, ko gada, wadda ba ta tsayuwa sai an fiƙe lafiyayyun haƙora biyu an ɗora ta a kansu, ko kuwa dashe, watau a huda ƙashin a ɗaura masa wani ɗan noti na ƙarfen titaniyam, a bar shi wata 3 zuwa 6 har ƙashi ya kama shi, sa'an nan a ɗora masa kan haƙori. Na zaɓi na uku, aka sa mini safiyar Asabar, wadda ta dace da ranar ɗaurin auren ɗan yayana. Ban ga wata matsala a cikin wannan ba, domin babban wanmu da ke Zariya shi ne wakilin ango, ni kuwa iyakar aikina in zauna a sahun baya in shafa fatiha in karɓi goro.

Wanda ya raka ni shi ne maƙwabcina, Baba Alhaji, dattijo ne da ya ƙare ƙuruciyarsa a loko yana gyaran kan jirgin ƙasa, kuma tun da ya yi ritaya bai taɓa ganin wani abu mai zare da noti a doron ƙasa ya wuce shi bai ba da fatawa a kansa ba. Yana da haƙorin Makka guda a sama, wanda ya sa tun shekarar da ya sauke farali, kuma a ra'ayinsa ilimin haƙori a nan ya fara a nan ya ƙare. Tun a mota, tsohuwar Fijo ɗinsa, ya fara kafa mini hujja. Ya ce ai sananne ne cewa sahabi Arfaja, da aka yanke masa hanci a yaƙin Kulab, ya sa na azurfa ya yi wari, aka umarce shi da na zinariya, kuma daga nan malamai suka ɗauko halaccin ɗaure haƙori da zinariya. To ina aka taɓa jin sunan wannan ƙarfe nawa a cikin littafi? Da na gaya masa abin da na biya, sai ya taka birki, ya dube ni da tausayi, ya ce, "Malam, a shari'a diyyar haƙori raƙuma 5 ce, kuma wanda ya karya shi ne yake biya. Kai tsakuwa ta karya maka, kai kuma kake biyan diyyar. Wannan hukunci a wace mazhaba aka yanke shi?"

Likita ta so ta bar shi a ɗakin jira, amma ya nuna mata cewa shi amana aka ba shi, ba zai bari a huda kan maƙwabcinsa a bayan idonsa ba, don haka aka ɗaura masa takunkumi da hular takarda aka ajiye masa kujera can a lungu, da sharaɗin ba zai tashi ba. Sharaɗin yin shiru ne aka manta ba a gindaya masa ba.

Aka kwantar da ni, aka haska mini fitila a fuska, aka soka mini allura can ƙarshen muƙamuƙi, inda jijiyar da ke ratsa ƙashin ƙasa take shiga, ba a jima ba rabin harshena da haɓata da leɓen ƙasa na dama suka fita daga mulkina, har na riƙa jin leɓen kamar na wani ne aka ba ni ajiya. Gaskiya ita ce zafi babu. Abin da mutum yake ji shi ne dannawa, da wata girgiza da ke ratsa ƙoƙon kai idan injin huda ya kama ƙashi, da ruwa mai sanyi da ke kwarara ba tsayawa, ga mataimakiya riƙe da ɗan tiyo tana zuƙe shi kafin ya cika maƙogwaro. Ana farawa da siririn mahudi, a canza zuwa wanda ya fi shi kauri, a sake canzawa, har ramin ya kai girman notin. Duk wannan na iya jure shi. Abin da ya fi mini wuya shi ne ina kwance baki buɗe, ba ni da ikon cewa uffan, ina jin ana tattauna muƙamuƙina a kaina.

"'Yata," in ji Baba daga lungu, "wannan ruwan da kike zubawa shi zai sa notin tsatsa. Ɗan giris ake shafawa."

Ta amsa masa cikin ladabi cewa ruwan gishiri ne na sanyaya ƙashi, domin idan zafin huda ya haura digiri 47 ƙashin wurin yakan mutu ya ƙi kama komai, titaniyam kuwa ba ya tsatsa a jikin mutum. Baba ya ce shi ma haka Turawa suka gaya musu game da wani ƙarfe a loko, damina guda ta ƙaryata su. Ya tambaya ko za a sa washa. Ta ce ba a sawa. Ya yi tsaki a hankali ta cikin takunkumi, ya ce duk notin da ba shi da washa, kuma yana wurin da ake girgiza, to ranar kwancewarsa tana nan tafe, ya kuma shaida wa mataimakiya cewa ya san yadda nake cin ƙilishi.

Don ta samu ya lafa, sai ta ba shi tarihin abin tana aiki. Ta ce wani likita ne a ƙasar Suwidin, Farfesa Branemark, a shekarar 1952 yana binciken yadda jini ke gudana a cikin ƙashi, ya dasa wani ɗan bututun titaniyam a ƙafar zomo, da ya zo cirewa ya tarar ƙashi ya manne da ƙarfen sun zama abu guda. Daga nan ya bi diddigin abin, har a 1965 ya dasa wa mutum na farko a birnin Gotenbag, mutumin kuwa ya rayu shekara 40 da su a bakinsa, da su aka binne shi. Baba ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya ce, "Ikon Allah. Mu a loko idan noti ya ƙi fita kananzir muke zuba masa mu buga da guduma, ba mu taɓa sanin ilimi muka gano ba. Amma 'yata, zomo ai ganye yake ci."

Abu guda kaɗai ta yi da ya yaba. Da ya ga ta ɗaura zare a gindin wata 'yar mitsitsiyar sukudireba kafin ta sa ta a bakina, don kada ta suɓuce ta faɗa maƙogwaro, sai ya ce lalle wannan yarinya ta sami tarbiyya, domin shi ya taɓa rasa sifana a cikin tukunyar jirgi kuma har yau ba a gan ta ba. Amma da ta ɗauko ainihin sifanar ɗaure notin, wata ƙarama mai ma'auni a jiki, ta fara juyawa ina jin ƙaf, ƙaf, ƙaf a cikin kunnena, sai dattijon nan ya karya sharaɗi ya miƙe tsaye, domin an zo fagensa. "A hankali, kada ki ci zaren. Yawwa. To ƙara masa kwata." Ta ce ma'auni ya nuna 35, abin da ake nema ke nan. Ya ce ma'auni na masu koyo ne, hannu shi ke sanin noti ya ɗauru, a ƙara masa kwata kawai don Allah. Ta ƙi. Ya koma ya zauna yana cewa shi dai ya fita haƙƙina.

Aka rufe notin, aka ɗinke dasashi, aka cusa mini auduga aka ce in cije, aka karanta mini dokoki: kada in tofa, kada in kurkure baki a ranar, kada in sha abu mai zafi, in rage magana, in koma gida in kwanta da kai a sama in ɗora ƙanƙara a kumatu, allurar kuwa sai bayan wasu awoyi za ta sake ni. Baba ya ƙara da cewa kurkurar baki a alwala sunna ce ba farilla ba, don haka akwai rangwame, wannan kuwa ita ce kaɗai fatawarsa ta ranar da ta yi mini amfani. A mota, da lokacin canza auduga ya yi, shi ya buɗe ƙunshin da aka ba mu ya naɗe mini sabuwa ya miƙo. Sai daga baya ya bayyana mini, cikin alfahari, cewa biyu ya haɗa wuri guda, domin idan likita ta ce guda to biyu sun fi, kuma bai kamata iska ta shiga sabon rami ba.

Muna isa ƙofar masallaci aka tare mu da labari cewa motar babban wanmu ta lalace a Kwanar Ɗangora, ga jama'a sun cika, ga liman yana da wani ɗaurin auren a gaba, kuma a cikin baffannin ango ni ne babba a wurin. Na nuna bakina, na girgiza kai. Baba ya ce, "Haba Malam, ai kalma ce ba ta fi a ƙirga ba. Wanda aka huda wa ƙashi bai yi kuka ba, magana ce za ta gagare shi?" Na juya baya na sa yatsa na zaro auduga na jefa a kwata, na laluba da harshen da ba ya jin komai, ya ba ni shaidar cewa bakin fayau yake. Aka kama hannuna aka ratsa da ni cikin sahu har gaban liman.

Waliyyin amarya tsohon alƙali ne, mai farin rawani da farin gemu, irin dattijon da idan ya dube ka sai ka fara tuna laifuffukan da ka yi tun kana makarantar allo. Ga liman a tsakiya, ga sanƙira tsaye a kanmu riƙe da makirfo, mutum mai faɗin ƙirji wanda sana'arsa ita ce ya ɗauki duk abin da aka faɗa a hankali ya kwarara shi ga jama'a. Aka yi salati, aka ce wakilin ango ya yi magana. A nan na gane cewa neman aure gaba ɗayansa a kan leɓe aka gina shi, domin ba ka cewa kana nema, ko a ba ka, ko ka karɓa, sai leɓɓa biyu sun haɗu, nawa kuwa na ƙasa ya ƙi zuwa wurin taron. Abin da ya fito daga bakina wani gunji ne mai taushi, wanda ni da na yi shi ma ban fahimce shi ba. Sanƙira ya sunkuyo da kunne, ya yi jim, sa'an nan, Allah ya saka masa da alheri, ya ɗaga kai ya kwarara, "Ya ce yana nema wa ɗansa aure!" Liman ya ce madalla, amma a daure a ɗaga murya, domin shaidu da kunnensu ake so su ji, ba da na sanƙira ba. Aka zo kan sadaki. Aka miƙo mini ƙunshin sababbin takardun naira 1,000, na riƙe da hannu biyu, na durƙusa na matsa gaba, alƙali ya miƙo nasa hannayen biyu, sanƙira ya kawo makirfo daidai goshina, ni kuma na ɗaga kai sama zuwa gare shi, na tattara iyakar ƙarfina, na wage baki don in ce lakadan ba ajalan ba.

Abin da ya biyo baya ban gan shi a lokacin ba, ban kuma ji shi ba, amma na gan shi tun daga nan fiye da yadda nake so, domin yaran zamani ba sa zuwa ɗaurin aure sai da waya a ɗage, kuma kafin la'asar hoton ya shiga kowane zauren WhatsApp na dangi. Audugar Baba ta biyu, wadda ta laɓe a lungun kumatu tun daga mota, ta jiƙe ta yi jajir, ta leƙo ta kusurwar bakina ta dama. Ba ta faɗo nan take ba, da ta faɗo da an ce tsautsayi ne an wuce. Sai ta hau kan leɓen ta zauna, ta yi ɗan jinkiri a wurin tana rawa da kowane harafi da nake ƙoƙarin furtawa, sa'an nan ta mirgino a hankali ta rataya a jikin wani zaren miyau, zaren ya riƙa tsawo, yana tsawo, ita kuma tana sauka cikin natsuwa tana juyawa, har ta dira a kan takardar da ke saman ƙunshin, daidai kan hoton marigayi Aliyu Mai-Bornu, ɗan ƙasa na farko da ya riƙe Babban Bankin Nijeriya, bawan Allah da bai yi mini laifin komai ba. A daidai wannan lokaci ni kuma na kammala jimlata, na sauke ƙunshin a tafin alƙali, na saki hannu.

Ya karɓa. Wannan shi ne abin da ke tashe ni da dare. Hannayensa sun riga sun miƙe, kuma mutum ne da ya shekara yana karɓar abin da aka ɗora masa a gaban shari'a ba tare da ya nuna a fuska ba, don haka ya karɓa da hannu biyu, sadaki da abin da ke kansa, ya tsaya riƙe da su. Zaren kuwa bai tsinke ba. Yana nan daga kusurwar bakina zuwa tafin hannunsa, yana ƙyalli a hasken hantsi, shi ne zumunci na farko da aka ƙulla tsakanin gidajen nan biyu. Ni kuma, da yake ban san komai ba, kuma ina jin daɗin na sauke nauyi, sai na yi masa murmushi da rabin fuskar da ke aiki.

Sanƙira ya riga ya ja numfashi, kuma wanda ya ja numfashi irin nasa ba ya iya mayar da shi. "An ba da sadaki!" in ji shi. "Lakadan ba ajalan ba! Da kuma..." A nan idonsa ya sauka a tafin alƙali. Mutanen unguwa sun tabbatar mini cewa tun da yake sana'ar nan ba a taɓa jin ya fara jimla ya kasa ƙarasa ta ba sai ranar. Makirfo yana hannunsa a kunne, saboda haka shirun nasa ma sai da lasifika ta kai shi har bakin titi.

Na kalli hoton nan na mayar da shi baya na sake kallo, kuma kowane kallo da sabon abin da nake gani. A wani kallon na ga idon liman yana bin audugar tun daga leɓe har ƙasa, kansa yana sunkuyawa da ita sannu sannu, carbinsa ya tsaya cak. A wani na ga ango a sahu na biyu ya ja hannun babbar riga ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa, har yau ban tambaye shi ko kuka yake ko dariya ba. A wani na ga wani yaro ya miƙa yatsa zai yi magana, ubansa ya danne masa kai. Akwai wani bawan Allah a gefe da ya miƙo hannu rabi, da nufin ya tare ta a iska, sai ya tuna abin da zai tara ya janye. Can baya kuwa, tsakanin kafaɗu, ga Baba Alhaji ya yi ɗage yana leƙe, haƙorin Makka yana walƙiya, yana gyaɗa kai cikin gamsuwa, domin, kamar yadda ya gaya mini daga baya, ya lura jinin ya ragu ƙwarai, wanda ke nuna dabarar auduga biyu ta yi aiki.

Sai da na bi idon jama'a na duba ƙasa na ga abin. Na kai hannu zan ɗauke, alƙali kuma a daidai lokacin ya ɗan janye nasa, ko don ladabi ko don tsoro, zaren ya tsinke ya dawo ya kwanta a gaban farar rigata.

Da a ce taron jahilai ne da an yi dariya an wuce, amma unguwarmu Allah ya albarkace ta da ɗalibai. Wani matashi mai ɗan gemu ya ɗaga murya ya ce, Allah gafarta Malam, sharaɗin sadaki ya kasance abu mai tsarki, ga shi kuwa jini ya taɓa shi. Wani daga ɗaya gefen ya amsa cewa jinin da bai kai faɗin dirhamin alfadari ba an yi rangwame a kansa. Aka tambaya nawa ne faɗin dirhamin alfadari, aka ce da'irar nan ce da ke cikin ƙafar gaban alfadari, sai aka tarar duk taron babu wanda zai iya tuna ranar da ya ga alfadari. Wani ya ce ai kwatankwacin tsohon kwabo ne mai huji, wani ya ce a'a ya fi, wani yaro ya kawo murfin kwalbar lemo don a gwada. Duk wannan alƙali yana riƙe da abin a hannu bai ce komai ba. Na uku ya ce shi damuwarsa siga ce, domin shi dai bai ji abin da wakili ya faɗa ba, sai dai a ɗauke shi a matsayin bebe, wanda ishararsa take wadatarwa. Aka ce masa beben awa guda ba bebe ba ne, kuma mai iya rubutu a ba shi takarda. Na buɗe baki in yi bayani, abin da ya fito ya ƙarfafa hujjar mai cewa bebe.

A nan ne Baba Alhaji ya ga lokaci ya yi da zai cece ni. Ya ratso sahu, ya zare makirfo daga hannun sanƙira, wanda bai ko yi gardama ba, ya busa shi sau biyu ya tabbatar yana aiki.

"Jama'a, salamu alaikum. Kada kowa ya ga laifin Malam, larura ce. Da safen nan na kai shi asibiti da kaina aka ɗaura masa noti, a gabana aka yi, ni na riƙe masa hula. Na ce a sa washa, aka ƙi. Na ce a ƙara masa kwata, aka ƙi. Likita ta ce sai nan da wata shida zai kama sosai, idan Allah ya sa bai kwance ba. Kafin nan sai a riƙa haƙuri da shi, kada a riƙa sa shi magana da yawa."

Masallaci ya ɗauka da "Allah sarki" da "Allah ya ba shi lafiya." Na ji wani a bayana yana cewa wallahi ba ka taɓa ganewa, mutum mai natsuwa, ga shi har yana koyar da yara. Wanda ke zaune a damana ya ɗan ja tabarmarsa. Ɗalibin nan mai gemu, da ya ga an buɗe masa sabon babi, ya ce to ai yanzu mas'alar ta canza, domin sharaɗin wakili ya kasance mai hankali. Na miƙe ina nuna muƙamuƙina da yatsa ina girgiza kai ina gunji, mutum biyu suka kama kafaɗuna da taushi suka zaunar da ni suna cewa ba komai Malam, ba komai, kowa da jarrabawarsa.

Liman, wanda ya ga rana tana yi, ya yanke magana ya ce a kira ango ya karɓi aurensa da bakinsa, tun da baligi ne kuma shari'a ta ba shi. Aka zaro takardar saman aka musanya da wata, aka ƙirga sauran, aka ba da, aka karɓa, aka shaida, aka shafa fatiha. Mai rabon goro da ya zo kaina ya tsallake ni, bisa umarnin Baba.

Ana watsewa alƙali ya yafito Baba Alhaji gefe, ya rage murya, amma ba ta yi ƙasan da zan kasa ji ba, domin kunnena ba a yi masa allura ba.

"Alhaji, tsakaninka da Allah, tun da yarinya ta riga ta shiga gidan. Abin nan gado ne a danginsu?"

"A'a, Allah gafarta Malam," in ji Baba. "Daga Suwidin aka kawo shi. A kan zomo aka fara."